Layin Dogo na Huɗu a Shagon Mama Clara

Duk wanda ya san Kafanchan a zamanin da jirgin ƙasa ke tashe ya san shagon Mama Clara, ko da bai taɓa kai mata ɗinki ba. Ɗan ɗaki ne mai rufin kwano a bakin hanyar da ta gangara daga tashar jirgi zuwa kasuwa, da kekunan ɗinki uku, da wani dogon benci da ƙafarsa ɗaya ta gaji aka tokare ta da bulo. Mai shagon gajeriya ce, kakkaura, mai saurin hawa da saurin sauka. Idan ka kawo yadi ka faɗi yadda kake so, za ta saurare ka har ka gama, ta gyaɗa kai, sannan ta ɗinka abin da ita ta ga ya dace da jikinka. Mutane su yi ta mita, amma Kirsimeti ko Sallah na matsowa sai ka gan su sun dawo da yadinsu a hammata.

'Yar ƙauyen Madakiya ce. A hannun kakarta ta tashi, wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, wadda ba ta bar mata gona ko akuya ba, sai tatsuniyoyi cike da kai. Aure ne ya kawo ta Kafanchan. Mijinta Azariya makanike ne a wurin gyaran jiragen ƙasa, mutum mai shiru-shiru wanda bakinsa ba ya buɗewa sai an taɓo maganar inji, in kuwa aka taɓo to sai an roƙe shi ya yi shiru. Sun haifi maza biyu, Meshak da Nicholas, daga nan haihuwa ta tsaya. Clara ta so 'ya mace kamar ta yi me. Ta roƙa a coci, ta roƙa a ɗaka, Ubangiji bai ba ta ba.

Maƙwabciyarta ya ba. A gidan hayar da suke zaune akwai Malam Abdu mai fataucin citta, ɗan asalin cikin gari, wanda ya kama ɗakuna kusa da tasha don ya riƙa sa ido a kan buhunansa. Ranar da naƙuda ta kama matarsa Larai ba kowa a gidan sai Clara, kafin ungozoma ta iso jaririya tana hannunta. Aka raɗa mata suna Amatullahi. 'Yar fari ce, Larai kuwa mace ce mai alkunya ta gaske: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, in za ta ambace ta sai ta ce "yarinyar nan". Clara ta dubi wannan al'ada ta ce to, abin da uwa ke jin kunyar yi, ita ba ta jin kunyarsa. Ta yanke sunan ya koma Amatu, ta goya ta, ta yi mata kitson farko. Ta ɗinka mata rigar Sallah, ta kuma ɗinka mata ta Kirsimeti don kada ta ga su Meshak da sabbin kaya ta yi kuka. Har tukunya dabam ta ajiye, wadda abin da gidan Malam Abdu ba sa ci bai taɓa shiga cikinta ba.

Kai, an sha daɗi a gidan nan. Jirgin Fatakwal ya shigo da usur, masu lemo da burodi su ruga, ƙamshin citta ya cika tsakar gida har ya sa baƙo atishawa. Bayan an ci tuwo yara su baje a tabarma, Clara ta kifa turmi ta zauna, ta shiga juye tatsuniyoyin Iya daga yarensu zuwa Hausa, irin Hausar mutanen wajen da ba ta damu da raba mace da namiji ba. Amatu ce kullum a jikin gwiwarta. Ita ce kuma ba ta barin a tsallake ko waƙa ɗaya.

A watan Maris na 1987 gari ya rikice. Ba sai an tsaya ba da labarin ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Da ƙura ta lafa, dangin Malam Abdu suka matsa masa ya koma gidan gado a cikin gari, cikin 'yan'uwansa. Ba a yi faɗa ba, ba a yi gaba ba, Azariya da kansa ya taya shi ɗaure katifu a bayan a-kori-kura. Sai dai daga ranar ba uban da ke yarda ɗansa ya ratsa gari bayan faɗuwar rana. Tabarma ta koma bayan ƙofa, Clara ta rame a tsaye.

Da ta ga abin ba zai kai ta ba, sai ta auni acca a ƙwarya, ta yafa gyale, ta shiga cikin gari wajen Larai.

"Larai, ki ba ni yarinyan nan ya koyi ɗinki," ta ce bayan sun gaisa. "In ya tashi makaranta ya zo shago. Ni da kaina zan raka shi har bakin layinku."

"Haba Maman Meshak, ai 'yarki ce," in ji Larai. "Bari maigidan ya dawo."

Malam Abdu ya yarda, da sharaɗi guda: rana na sama za ta tafi, rana na sama za ta dawo.

Amatu na da shekara goma sha uku a lokacin. Ta tarar da 'yan koyo biyu a shagon, Hephzibah 'yar Fadan Kaje da wata Edna, kusan duk sa'o'inta ne. Kowace ta zo da abin da ta ji a gidansu game da rikicin, ta haɗiye ta bar shi a ciki. Sai a wuni ba mai ce wa wata uffan. Ga shi kuma, a faɗi gaskiya, Amatu ba ta da hannun ɗinki ko kaɗan. Kalmasarta yawo take yi kamar hanyar awaki, ita ma ta sani, ba ta kuma damu ta gyara ba. Ta fara fashin zuwa, yau ciwon kai, gobe aikin makaranta. Clara ta gane sarai cewa ɗinki ba zai riƙe mata yarinyar ba, in ta daina zuwa kuwa shi ke nan, ba ta da sauran hanyar ganinta.

Rannan da tsakar rana, kwano na ƙara don zafi, Amatu ta ajiye almakashi ta ce, "Mama, ki yi mana tatsuniya mana, irin na da."

Clara ta buɗe baki, ta dubi hasken da ke ƙofa, ta mayar ta rufe. A wajen Iya, ba a tatsuniya da rana. Tana ƙarama ta taɓa somawa a gona lokacin hutun tsakar rana, tsohuwar ta buge mata baki da bayan hannu, ta ce yaron da aka yi wa tatsuniya da rana ɓata yake yi, ya fita ya kasa gane hanyar gida. Clara 'yar Zumuntar Mata ce, tana da zanen ƙungiya da littafin waƙoƙi, ta kuma san Fasto zai ce camfi ne. Da a kanta abin zai faɗa, da ta rufe ido ta yi. Amma a kan Amatu, a garin da ake ciki a lokacin, ba za ta gwada ba.

"Ba a yi da rana," ta ce a taƙaice. "Ɗauki almakashinki."

Amatu ta ɗauka. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka.

Azariya ne ya fitar da ita, bai kuma taɓa sanin ya yi ba. Ran Asabar da yamma yana wanke baƙin mai daga hannunsa da kananzir, ya shiga ba ta labarin da wani injiniya ya ba su, wai nan gaba za a yi jirgin da ba direba, shi zai san inda zai tsaya, shi zai san inda zai tashi. Clara ba ta saba sauraron wannan hira ba, amma ranar kalmar "nan gaba" ta maƙale mata. Ta yi ta juya ta tana tankaɗe. Tatsuniya ai labarin da ne, lokacin da kura ke magana, dodo ke zuwa neman aure. Shi Iya ta hana. Amma abin da bai riga ya faru ba fa? Iya ba ta taɓa cewa komai a kansa ba. Ta aika Nicholas cikin gari ya gaya wa Amatu cewa Mama ta ce lallai ta zo ran Litinin.

Ran Litinin ta jira sai da kowa ya zauna, ta sa zare a allura, ta soma magana kamar da keken take yi.

"Wata rana yana zuwa, mu duka mun mutu, ƙasusuwanmu ma sun zama ƙasa. A Madakiya mutane za su gaji da noma, su ƙera wani inji, babba kamar coci, ba direba. Shi ne sharan gona, shi ne huɗa, shi ne girbi. Sai wata shekara man da yake sha ya ƙare a duniya. Injin ya ji yunwa. Ya fara da garma. Ya cinye keken Fasto. Ya zo ya haɗiye shanun gari, da masu kiwon, da sarki da rawaninsa."

Kekunan 'yan koyo suka tsaya. Ta ci gaba, ta kawo wata yarinya da aka raina saboda ƙanƙanta, wadda ta ɗauki sifanar babanta ta tsaya a hanya har injin ya haɗiye ta, ta bi cikinsa a duhu tana lalube, ta kwance ƙusar da ke riƙe da zuciyarsa, gari duka ya fito.

Amatu ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar da Clara ba ta ji ba tun barinsu gidan haya. "Mama! Ai wannan labarin dodon nan ne da ya haɗiye gari."

"Wane dodo? Kin ji na ce dodo?" Clara ta harare ta. "Wannan bai faru ba tukuna. Jikokin jikokinki ne za su gan shi."

"To sifana lamba nawa ta ɗauka?" in ji Hephzibah.

"Ki tambayi Baban Meshak. Ni tela ne."

A kan lambar sifanar nan Amatu da Hephzibah suka yi gardama har aka tashi, ita ce kuma maganarsu ta farko da juna.

Daga nan abin ya zama sana'a ta biyu. Duk tatsuniyar da Iya ta bari, Clara ta ɗauko ta ta yanka mata sabuwar riga. 'Yar sarkin da ta ƙi kowa sai mijin da ba shi da tabo a jiki ta samu wanda aka ƙera a masana'anta, sumul, sai da suka yi nisa da gida ya fara mayar da sassan jikinsa ga waɗanda ya ara a wajensu. Kurar da ta sa fatar rago ta zama na'urar da ke ɗaukar muryar uwar mutum ta kira shi daga bayan ƙofa. Tashar Kafanchan kuwa, wadda kowa ya san hanya uku gare ta, ta Kaduna da ta Jos da ta kudu, Clara ta ƙara mata ta huɗu: layin da ya bi ta gefen dutsen Kagoro ya miƙe sama, bai tsaya ba sai can bayan wata, cikin taurari. Kusan duk labaranta ta wannan layi suke tashi.

Kafin shekara ta zagayo bencin nan ya yi kaɗan. 'Yan sakandare, maza da mata, masu salla da masu zuwa coci, sai su biyo da kayan makaranta a jiki, wai sun kawo ɗinkin maɓalli. Wani maɓallin da gani ka san da haƙori aka cire shi a hanya. Clara ta karɓa ta ɗinka, tana zaginsu tana ba da labari. Akwai manyan mutane a yau, masu furfura da tumbi, waɗanda in aka ambaci bayan wata sai ka ga sun yi murmushi su kaɗai.

Matsalar 'yan makaranta ita ce sun yi karatu. Amatu ce kan gaba wajen kama ta.

"Mama, malaminmu ya ce babu iska a can. Da me suke numfashi?"

Clara ba ta ko ɗaga kai ba. "Wa ya ce miki ba su tafi da nasu ba? A gora aka ɗura musu. Kowa da goransa a wuya."

"Gora ai zai fashe."

"To ki je ki nemo abin da ba zai fashe ba, ki zo ki gaya mini. Ni ina da aiki."

Sai kuwa ta je. Ta addabi malamin kimiyya da tambaya, ta addabi Azariya, har ya fara zuwa shagon da tsofaffin sassan inji a aljihu yana nuna mata. Abin da ta samo ta kawo wa Clara, Clara ta ɗinka shi cikin labarin gobe kamar dama can ta sani. Hannun da ya kasa kalmasa sai ga shi ya iya kwance keken ɗinki ya mayar. Tun daga lokacin ba a sake kiran mai gyara shagon ba.

Abu ɗaya ne Clara ba ta taɓawa, shi ne ƙarshen labari. Yadda Iya ta ƙare shi, haka zai ƙare, ko da a bayan wata ne. Yaran sun sha roƙonta ta bar mijin ƙarfen nan ya tuba, ko ta bar kura ta tsira sau ɗaya. Sai ta ce, "Riga nake canja musu, ba ƙashi ba. Mai ƙashin ya mutu, ba zan iya tambayansa izini ba."

Shekaru suka ja. Jirage suka fara ƙaranci, masu lemo suka koma tashar mota, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan dogo. Azariya ya kwanta ciwo da damina, kafin kaka ya rasu. Meshak da Nicholas suka tafi neman abinci, ɗaya Kaduna, ɗaya Legas. A 1992 aka sake wani tashin hankali a ƙasar Zangon Kataf, Amatu ta yi makonni ba ta fito ba, sannan ta dawo ta zauna a wurinta. A cikin wannan duka idon Clara ya fara yin yana. Ta ɓoye iya ɓoyewa, har ranar da ta haɗa hannun riga a wuya. Daga nan Amatu ce mai sa mata zare a allura, ita ce mai karanta awo, ita ce mai raɗa mata launin yadi kafin mai kaya ya gane.

Sai ga shi Amatu ta sami gurbi a jami'a a Zariya, za ta karanci aikin injiniya. Malam Abdu ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya bi rumfunan 'yan citta yana ba da labari, har da waɗanda ba su tambaye shi ba. Ita kuwa mai gurbin ta ce ba yanzu ba. Ta ce a bari sai baɗi, ko wata shekarar, karatu ai ba ya gudu.

Larai ce ta zo shagon da kanta, abin da ba ta cika yi ba. Ta jira 'yan koyo suka fita sayen abinci.

"Maman Meshak, yarinyar nan ta ce ba za ta tafi ba. Ba ta faɗi dalili ba, amma ni da ke mun san shi. Babanta ya yi faɗa, ya yi lallashi. Ni kin san ba na iya zama da ita in yi irin wannan magana. Taki kaɗai take ji."

Clara ta ce za ta duba. Ba za a ɓoye ba, daɗi ta ji. Daɗi mai yawa, har ya ba ta kunya. Tun ranar da aka ɗaure katifu a bayan mota ba abin da take nema sai yarinyar nan ta zauna kusa da ita, yau ga shi ta zaɓi zaman da kanta, ba wanda ya roƙe ta. Ba sai ta yi komai ba ma, shiru kawai za ta yi. Ta kuwa yi shirun na kwanaki. Ran Lahadi ta je coci ta kasa waƙa. Ran Litinin ta zauna tana jin yadda Amatu ke bayyana wa wani ɗan aji ɗaya dalilin da ya sa wata ba ya faɗowa, da murya irin ta Azariya in an taɓo maganar inji, sai ta ji zuciyarta ta karye.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta taɓa yi wa sabuwar riga ba, ita ce kuma Amatu ta fi so tun a gidan haya. Labarin yarinyar da rafi ya ƙwace wa ƙwaryar uwarta, ta bi ta har garin da ke ƙarƙashin ruwa, ta cuɗa wa wata tsohuwa baya, tsohuwar ta riƙe ta tana koya mata abubuwa. Har ta kusa manta gida, sai wata rana ta jiyo sautin dakan uwarta daga sama, ta watsar da komai ta dawo, suka zauna tare har mutuwa. Ranar, da bencin ya cika, wannan tatsuniyar Clara ta ɗauko.

A nata, fari aka yi, shekara da shekaru ba ruwa. Uwar tana da wani faifai mai kama ƙarfin rana, da shi take girki, iska ta fizge shi ta yi sama. Yarinyar ta hau jirgin layi na huɗu ta bi shi har birnin bayan wata. Can ta tarar da tsohuwa ta ƙarfe, bayanta duk tsatsa, ba mai kusantarta. Ta dirje ta da toka, ta shafa mata mai. Tsohuwar ta ce za ta koya mata ƙera injin da ke kiran hadari, amma koyon na shekaru ne, wanda kuma ya sauka bai gama ba, abin da ya koya zubewa zai yi a hanya. A birnin nan ba a jin komai na duniya, sai abu ɗaya: kowa yana jin dakan uwarsa.

Amatu ta yi murmushi tana warware zare. "Sai ta ji daka ta dawo."

"Bai ji ba," in ji Clara.

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Uwan ya san sautin yana kaiwa can. Sai ya yage zaninsa mai kyau, na zuwa coci, ya naɗe kan taɓarya. Ya sa tsumma a ƙarƙashin turmi. Daka ya zama wahala, hatsi ba ya laushi da wuri, tuwonsa kullum shi ne na ƙarshe a unguwa. Maƙwabta suna dariya, suna cewa tsohuwa ya haukace. Bai kula su ba. Haka ya yi ta daka, shekara da shekara, ko kaza na kusa ba ya ji."

"Mama, abeg, ba haka ake ƙare shi ba," in ji Hephzibah. "Ke kika ce ba a taɓa ƙashi."

"Shagon ubanki ne? Taka kekenki."

Amatu ta daina warware zaren. Ba ta dubi kowa ba sai Clara.

"Uwar fa, Mama? Wa ke ɗebo mata ruwa?"

"Yana da maƙwabta."

"In idonta ya mutu fa?"

"Ido ne, ba hannu ba. Ya san inda turminsa yake."

"Yarinyar ta dawo?"

"Wannan kuma ba ni zan faɗa ba."

Amatu ta tashi ta fita bayan shago ta daɗe. Yaran benci suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tuna da maɓallinsa. Da ta dawo idanunta sun yi ja, ta ɗauki gyalenta, ta durƙusa ta ce, "Sai gobe, Mama." Da yamma ta gaya wa babanta ya soma shirin tafiya.

Ana gobe za ta tafi ta wuni a shagon. Ta kwance kekunan uku ta wanke su ta sa musu mai. Ta sayo allurai fakiti guda, ta sa wa kowace zare, fari da baƙi da ja, ta jera su a jikin wani ɗan matashi, ta kama hannun Clara ta nuna mata daga inda kowane launi ya fara. Clara ta yi ta faɗa, wai ana ɓarnar zare. Ta ce kuma ba za ta je rakiya ba, aikin Kirsimeti ya taru mata.

Hanyar da za a bi daga gidan Malam Abdu zuwa tashar mota ta bayan shagon ta wuce, katangar kuwa ba ta hana jin komai. Da safe Clara ta buɗe shago kamar kullum, amma ta ce kada wadda ta taka keke.

"Mama, kayan mutane fa? Amaryan Kagoro zai aiko yau," in ji Hephzibah.

"Ya aiko. Ku yi aikin hannu."

Suka zauna suna sa maɓalli. Ita kuwa ta zauna gaban kekenta, ta janye ƙafafunta daga kan matakin ta haɗe su a ƙarƙashin kujera, hannuwanta a cinya. Masu wucewa suka yi ta leƙowa suna tambaya ko lafiya, don ba a taɓa jin shagon nan shiru da safe ba. Ta ce lafiya lau. Haka ta zauna har inuwar ƙofa ta gajarce.

Wajen azahar Larai ta tsaya a bakin ƙofa, ita kaɗai.

"Sun tashi, Maman Meshak."

"Kun bi ta baya?"

"Ta nan muka bi. Da muka zo daidai katangarki ta rage tafiya, ta kasa kunne. Har babanta ya yi gaba ya barta. Sannan ta gyara jakarta ta wuce."

"Bai juyo ba?"

"Ba ta juyo ba."

"Madalla," in ji Clara. "Na gode wa Ubangiji."

Ta ɗora ƙafa a kan matakin keken za ta taka, ƙafar ta ƙi. Sai ta kifa goshinta a kan yadin amaryar Kagoro ta fashe da kuka, da ƙarfi, ƙofa a buɗe, a gaban 'yan koyo da duk mai wucewa zuwa kasuwa.